Wanga Ai Datu Na

Yau a madafa sharhinmu zai ya da zango, kuma daga Kende na ɗauko shi, can cikin ƙaramar hukumar Bagudo, inda ƙasar Kebbi ta jingina da Jamhuriyar Benin, inda ruwa ɗaya yake ciyar da masunci da manomi da makiyayi.

Da hunturun da ya wuce na je gaishe da gwaggona. Ban gama shan ruwa ba sai ga ɗiyar ƙanwata, yarinya 'yar sakandare, ta durƙusa ta ce, "Kawu, yau ni zan yi maka girki, irin na masu kula da lafiya." Ta miƙo mini waya. Na ga farin faranti, ga ganye kore shar a gefe, ga tsokar kifi da zanen waya a jikinta, ga 'yar taliya an naɗe ta kamar sheƙar tsuntsu. Na ce Allah ya yi albarka, bismilla.

Aka tashi yaro kasuwa. Ya dawo da latas da kabeji da karas, da kwalbar bama, da waken gwangwani, da taliya leda biyu. Da aka rasa kifi mai kama da na cikin hoton, sai aka sayo na gwangwani. Ku lura fa, a Kende muke. Hayaƙin banda na maƙwabta yana shigowa ta kan katanga, mu kuma muna fasa gwangwanin kifin da ya ƙetaro teku. Kuɗin da aka kashe a wannan kwano ɗaya ya ishi gidan cefanen kwana uku.

Da aka kawo, gwaggo ta jawo kwanon ganyen gabanta, ta sa yatsa ta juya, ta ɗaga ta sunsuna. Sai ta ce, "Wanga ai datu na, an dai hana mishi ƙuli."

Muka yi dariya har yarinyar ta ji kunya. Amma tun daga ranar maganar tsohuwar nan take bina. Don masu saurarenmu na Kano da Zariya, datu shi ne abin da kuke kira kwaɗo. Zabarmawa da Dandawan da muke zaune tare kuma kofto suke cewa. Ganye ne a dafa ko a yanka, a sa albasa da tumatir da yaji, a barbaɗa ƙuli-ƙuli, a cakuɗa. Abin da yarinyar nan ta kashe kuɗi ta kwaikwayo daga waya, kakarta ta fi shekara sittin tana yin irinsa da abin da ta tsinko a bayan gida.

Shi kansa wannan farantin na cikin waya, in an bi asalinsa, ba a gidan masu kuɗi aka haife shi ba. A shekarun 1950 wani masanin Amurka mai suna Ancel Keys ya lura cewa talakawan kudancin Italiya ba sa fama da ciwon zuciya kamar attajiran ƙasarsa. A 1958 ya fara wani babban bincike a ƙasashe bakwai, kuma cikin mutanen da suka fi burge shi har da manoman tsibirin Kirit na ƙasar Girka. Me suke ci? Ganyen daji, wake, hatsi, man zaitun, kifi in ya samu, nama kuwa sai jefi-jefi, don ba su da halin sayensa kullum. Abincin rashi ne. Daga baya duniya ta sa masa suna abincin Bahar Rum, har a 2010 hukumar UNESCO ta saka shi cikin al'adun da ya kamata a adana. Shekara 6 bayan haka, a 2016, hukumar nan ta saka bikin kamun kifi na Argungu cikin wannan kundi. To ga mu, ga ganye, ga wake, ga gero da dawa, ga kifin da duniya ke zuwa kallo. A takarda, babu wanda ya kai mu sa'a.

Sai dai akwai wani lissafi da ke hana ni barci. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 66 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar Kebbi sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda rashin abinci mai gina jiki. A duk Najeriya babu jihar da ta kai mu a lokacin. Yaro biyu cikin uku, a jihar da aka zo Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance, jihar da shinkafarta ta kai har kasuwannin Legas. A ɗaya gefen kuma, je ka asibiti ranar da ake ganin masu hawan jini da ciwon suga, ka ga layi. Gida ɗaya, yaro bai samu abin da zai gina shi ba, uba kuma ya samu abin da ke rushe shi. Talauci na da hannu, babu mai musu. Amma wani ɓangare na matsalar yana cikin tukunya, kuma wannan ɓangaren ba sai an jira gwamnati ba.

Mu fara da kifi, tunda a bakin ruwa muke.

Ku je bakin gulbi da sassafe ku tsaya ku gani. Jirage na isowa, ana juye abin da dare ya bayar: tarwaɗa, gargaza, kurungu, ragon ruwa, wani lokaci yauni, in an yi babbar sa'a giwan ruwa. Kafin masunci ya gama naɗe tarunsa, dillali ya riga ya ɗora hannu a kan manyan. Waɗannan ba za su kwana a garin ba. Za a yi bandarsu, a jera a kwali, su bi mota zuwa Yawuri, daga can su gangara kudu. Ba na ganin laifin masunci. Da kuɗin kifin nan zai sayi hatsi, ya biya kuɗin magani, ya gyara koma. Kuma ƙasar ce gaba ɗaya take yunwar kifi: alƙaluman da gwamnatin tarayya ta daɗe tana bayarwa sun ce muna buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Duk inda kifi ya fito, akwai hannun da ke jiransa da kuɗi.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne abin da ya rage a gindin jirgi. 'Yan ƙananan kifayen nan da ake rainawa, waɗanda ake shanyawa a tabarma a sayar da gwangwani, su ne dukiyar da muke takawa. Babban kifi tsokarsa kake ci ka yar da ƙashi. Ƙarami kuwa da kansa da ƙashinsa da komai kake haɗiyewa, kuma a nan ne sinadarin da ke gina ƙashi da wanda ke ƙara jini suke. Uwa ta samu waɗannan busassu masu tsabta, ta ɗan gasa su a kasko, ta daka su lukui, ta tankaɗe, ta zuba a kwalba mai murfi. Yaron da ya wuce wata shida, aka fara ba shi abinci tare da nono, a riƙa zuba masa cokali ɗaya a kununsa ko fatensa. Wannan bai kai kuɗin katin waya ba.

Sai maganar wa ke cin me. A gidajenmu da yawa, in an sa kifi a miya, tsoka ta maigida ce, kai na uwargida, yara kuma romo da ƙamshi. Ana kiran wannan ladabi. Ni dai ban ga ladabi a cikin ƙato mai shekara hamsin ya lamushe tsoka, yaro mai shekara biyu yana kallonsa ba. Kai ka gama girma, Alhaji. Shi ne ake ginawa.

Yanzu gashi da suya. Mun saba in an ce kifi sai a ce mai. A cika kasko, a tsoma, a kwashe, gobe a mayar da man nan wuta, jibi ma haka, har ya koma baƙi kamar na inji. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, kowane iri ne, ƙarfin da ke cikinsa ya kai na rabin kofin shayi na dafaffiyar shinkafa, ga shi kuma ba ya cika ciki. Man da aka yi ta maimaita ƙonawa kuwa lalacewa yake yi, kuma jijiyoyin jini ne ke biyan bashin.

Gashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, masunta a kan tsibiri haka suke ci tun kaka da kakanni. Bari in faɗa muku yadda na ga wani dattijo Basarke ya yi, don ban taɓa cin kifi kamarsa ba. Gargaza ce, faɗinta ya kai tafin hannu biyu. Ya kankare ɓawon da bayan wuƙa, ya farka cikin ya wanke, ya tsaga ta sau uku a kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi. Ya matse lemun tsami a kai. Ya daka citta da tafarnuwa da barkono da ɗan gishirin da bai wuce abin da yatsa uku za su ɗauka ba, ya cusa cikin tsagar. Sai ya ajiye ta, ya koma gyaran tarunsa, kamar ya manta. Na ce, "Baba, wuta na ci fa." Ya ce, "Bari ta gama faɗa tukun." Sai da harshen wuta ya kwanta, garwashi ya yi fari da toka, sannan ya ɗora waya, ya shafa mata ɗan mai da tsumma don kada fata ta manne, ya kwantar da kifin. Bai taɓa shi ba sai da gefen ya fara fari. Juyi ɗaya ya yi masa. Da ya sauke, tsokar tana rabuwa da ƙashi da kanta, ruwa na tsattsafowa daga ciki, babu inda ya ƙone.

Duk hikimar tana cikin wannan jiran. Kifin da aka ɗora a kan harshen wuta, waje zai babbake ciki ɗanye. Baƙin da ya ƙone ba alheri ba ne ga jiki, kifin ruwan daɗi kuma dole ya gasu har ƙashi saboda tsutsotsin da yake iya ɗaukowa. Sannan don Allah a daina hura wutar gashi da leda ko tsohon takalmin roba. Hayaƙin nan a cikin abincin yake sauka.

Wajen saye, ɗaga kunnen kifin ka duba. In ja ne jawur, ido garau, ka danna tsoka ta dawo, to na yau ne. In kunnen ya yi toka-toka, ido ya faɗa, bar shi ko da kyauta ne. Banda kuwa tana da nata haɗarin, kuma gara a faɗe shi a fili. Akwai masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari, irin wanda ake kira fiya-fiya, don kada ƙwaro ya ci musu jari. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya ƙasashenta a 2015. Su sun hana, mu muna ci. Matan kasuwa kan ce in ka ga tiren banda babu ƙuda ko ɗaya, na kusa da shi kuwa ƙuda na bi, to ka yi tambaya. Ka sunsuna, in ka ji wari irin na kananzir, wuce. Wanki da ruwan zafi yana cire ƙasa da ƙura, amma kada a dogara da shi wajen guba. A nan mutumin Kende ya fi mutumin birni gata, don ya san matar da ta yi bandar, ya san murhunta. A New Bussa, can gefen tafkin Kainji, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, kuma an daɗe da ƙera murhun banda mai cin itace kaɗan, mai busar da kifi sosai yadda zai daɗe ba tare da an fesa masa komai ba. Abin da ya rage shi ne ya iso hannun matan da ke tsaye cikin hayaƙi tun asuba.

To, mu koma kan datun gwaggo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci akalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace a kowace rana. In babu sikeli, a ƙaddara cikin tafin hannu biyar. Ku auna da abin da muke ci. Garin kuka cokali biyu a tukunyar mutum goma, shi ke nan an ci ganye. Alhali da rani fadamunmu cike suke da latas da tumatir da tattasai da kabeji, albasa kuwa jihar da ke da Aliero ba ta roƙon kowa. Da damina tafasa da rama da yaɗiya da alayyafo suna fitowa ba wanda ya shuka wasunsu. Zogale yana tsaye a bayan ɗaki shekara duka. Matsalar ita ce mun sa wa ganye sunan talauci. In baƙo ya zo aka kawo masa kwaɗon rama, sai a ce an wulaƙanta shi. In aka yanka masa kabeji aka kwarara bama har ganyen ya nutse, sai a ce an karrama shi.

Ku tsaya ku kwatanta su biyun. Bama mai ne aka kaɗa da ƙwai har ya yi kauri, mafi yawan abin da ke cikin kwalbar mai ne. Ƙuli-ƙuli kuwa gyaɗa ce da aka matse wa mai, abin da ya saura shi ne mai gina jiki. Ɗaya an tara masa mai, ɗaya an rage masa. Da gwaggo ta ce an hana wa datun ƙuli, ba ta san sunayen sinadarai ba, amma hukuncinta daidai ne. Sharaɗi ɗaya ne: a san gyaɗar da aka yi ƙulin da ita. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Ƙulin da ka ji yana ɗaci ko warin ruma, zubar.

Akwai kuma inda kwaɗo ya yi wa salak fintinkau, wato wajen tsaro. Ɗanyen ganye yana zuwa da duk abin da ya taɓa shi: ruwan da aka yi ban-ruwa da shi, takin da aka zuba, hannun mai tsinka, da ruwan bokitin da mai talla yake yayyafawa don kada ya yi yaushi. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,000, kuma jihohinmu na arewa ne suka fi jin jiki. Ba na cewa a daina cin latas. A ware shi ganye-ganye, a wanke da ruwa mai tsabta, irin wanda za ka yarda ka sha, a canza ruwan sau biyu ko uku, a jiƙa shi ɗan lokaci da ruwan khal in akwai, a tsane. Wuƙar da aka yanka ɗanyen kifi da ita kada ta taɓa shi sai an wanke da sabulu. Amma ranar da kuka ji ana cewa cutar ta ɓulla a gari, ko ruwa ya yi ambaliya ya shiga rijiyoyi, kamar yadda muke gani a ƙasar Bagudo in kogin Kwara ya cika ya batse, to a koma ga dafaffen ganye. Tafasa tana kashe abin da wanki ya bari.

Sai dai iyayenmu mata, ku yi mini afuwa, akwai gyara a nan ma. Zogalen da aka bari a wuta tun hantsi har azahar, aka jefa masa kanwa, aka matse aka zubar da ruwan, rabin amfaninsa ya bi rariya. Kanwa da doguwar dahuwa suna kashe wasu sinadaran. A rage ruwa, a rage lokaci, da ya yi laushi a sauke. A matsa lemun tsami ko a yanka ɗanyen tumatir a kai, don tsami yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganye. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka mai ciki da mai shayarwa su ba da tazara tsakanin kwanon ganye da kofin shayi.

Taliya fa? Ita ce aka fi zagi, ni kuwa ba zan zage ta ba. Mutumin bakin iyaka ya san taliya ciki da bai. Wanda ya taɓa ƙetarawa ta Tsamiya zuwa Segbana, ko ya ci kasuwar Malanbil, ya ga yadda ake cin ta a can, da ƙwai da burodi mai tsawo, a teburin bakin titi. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, har zuwa Disamban 2020, shinkafa aka fi ambata a labarai, amma matan Lolo da Illo da Kende sun ji abin har a ledar taliya da galan ɗin mai. Kafin ta leda ma muna da tamu, 'yar murji, wadda ake murzawa a ƙaramin inji a shanya a igiya, a ci da mai da yaji.

Abin da ya sa taliya ta ci gari a fili yake. Matar da za ta surfa, ta kai niƙa, ta tankaɗe, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya, ga itace ya yi tsada, an ba ta abin da zai dahu cikin minti goma. Duk namijin da ke kukan an bar tuwo, ya karɓi muciya ya gwada na mako ɗaya.

Inda muka ɓata shi ne awo. A Italiya, inda suka fi kowa cin ta a duniya, ledar nan mai giram 500 mutum biyar ko shida take ciyarwa, sauran cikin kuma ganye da wake da kifi ne ke cika shi. A wurinmu samari biyu sai su tashi da leda guda, an dafa ta dafa-duka da ludayin mai, ta yi jawur tana ƙyalli, wani ma ya haɗa da shinkafa, ya kora da lemun kwalba. Manomin da ya wuni yana jan ruwa a fadama, jikinsa zai ƙone wannan. Mai shago da direba da malamin ofis da ke zaune tun safe, ina za su kai shi? Farar fulawa ce, an cire mata dusa, ba ta daɗewa take komawa suga a jini, musamman in an dafa ta ta yi lugub. A sauke ta da ɗan sauran ƙarfinta a haƙori, ta fi jinkirin narkewa. A raba kwano a ido: rabi ganye, sauran rabin a kasa biyu, kifi ko wake gefe, taliya gefe. Kuma taliya da wake, wadda yaran makaranta suke ɗauka abincin ƙarshen wata ce, ta fi wadda aka yi wa ado da soyayyen nama amfani nesa ba kusa ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi kowanne wuyar faɗa, don ya shafi harshe. Gishiri. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, duk abin da ya ci tun safe har dare. Dunƙulen nan da muke marmasawa a miya, kusan rabinsa gishiri ne. Sai a jefa biyar ko shida a tukunya, a ƙara farin, a ƙara gishiri, yajin da za a barbaɗa shi ma da nasa a ciki. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana tafiyarsa garau, ranar nan sai a ce ya faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya mutu, a fara neman wanda ya yi masa jifa.

Na san abin da mata za su ce, kuma gaskiyarsu ne: in an rage, maigida zai ture kwano ya ce miya ba ta ji ba. To maigida, da kai nake. Harshe sabo ne da shi. A rage kaɗan-kaɗan, dunƙule ɗaya wannan makon, wani ɗaya bayan mako biyu, ba za ka ma lura ba, bayan wata biyu kuma abincin da ka saba ci a da zai yi maka zartsi. Ɗanɗano ba a takardar dunƙule kaɗai yake ba. Daddawar kalwa tana nan, garin busasshen kifi yana nan, albasa da citta da masoro da kimba da tsamiya duk suna nan, su ne suka riƙe miyar ƙasar nan kafin a san kanti. Ɗan gishirin da za a sa kuma ya zama na leda mai sinadarin aidin, wanda ke hana maƙoƙo, a adana shi a rufe.

Washegari kafin in kama hanya, yarinyar nan ta ce sai ta rama. Wannan karon ba a je kanti ba. Ƙanenta ya karɓo gargaza huɗu a bakin ruwa, ita ta hau tsinkar zogale, gwaggo na zaune a tabarma tana ba da umarni kamar sarkin yaƙi. "Rage ruwan nan. Sauke, ya isa. Ke, wa ya ce ki ƙara mai?" Rabin ledar taliyar da ta kwana aka dafa da wake, mu shida muka ci. Da aka jera komai a babban tire, koren datu gefe, kifi na tururi, sai yarinyar ta ce kowa ya dakata, ta ɗauko waya. Ta zagaya ta nan, ta zagaya ta can, tana neman inda haske ya fi, tana ƙorafin tiren ba fari ba ne.

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "In kin ƙare ɗaukar hoton, tsokar ki ba autan. Kan kifin kuwa ki miƙo, ni ad da shi."

Mu kwana nan, jama'a. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.